Ɗigon Ƙarƙashin Ba

A Mayahi, kamar sauran garuruwan ƙasar Hausa, takarda iri biyu ce. Akwai wadda ake naɗe ƙosai da ita, akwai wadda in an tsince ta a ƙasa sai an kakkaɓe ta an soka ta cikin tsagar katanga. Ta farko ita ce mai rubutun lakwal: tsohon kaye, takardar jarrabawar bara, guntun jarida. Ta biyu ita ce duk wadda ke ɗauke da baƙin Larabci. Tsofaffinmu ba su tsayawa su karanta kafin su ɗauka. Sau da yawa za ka ga tsohuwa ta duƙa ta tsinci ledar taliyar Aljeriya, wadda abin da aka rubuta a kanta bai wuce sunan kamfani da yadda ake dafawa ba, ta ɗora ta bisa danga don kada a taka. In ka ce mata, "Inna, wanga fa ba Ƙur'ani ba ne," sai ta dube ka ta ce, "To, da baƙaƙen mi anka rubuta Ƙur'anin?"

Ƴan uwa ɗalibai, wannan amsa ta tsofaffi ita ce ta sa na ɗauki biro. A wurinmu harafi yana da daraja tun kafin ya zama kalma. Ga shi kuma yanzu cikinmu akwai samari da ƴan mata masu hannun zane, wasu da fenti bisa ƙyalle, wasu da yatsa bisa gilashin waya, kuma da yawansu suna son su sa waɗannan haruffa cikin aikinsu. Suna ganin ana yi a Masar da Maroko da Dubai, suna tambaya: mu me ya hana mu? Tambaya ce mai kyau, kuma ta cancanci amsar da ta fi "haramun ne" ko "ba komai" tsawo.

Mu fara da yadda haruffan suka shiga jikinmu. Duk wanda ya zauna gindin wutar makarantar allo da dare, da karan da ya kawo daga gida, ya san babbaƙu. Alu, ambaki, wau, zal. Muna rera su tun ba mu san me muke faɗi ba. Amma ku saurari sunayen da kakanninmu suka raɗa masu: an baki wofi, wato mai buɗaɗɗen baki, ɗa mai hannu, lam jaye, jim ƙarami koma baya, ha kuri. Mutanen da suka ba haruffa waɗannan sunaye kallon halitta suke yi masu, mai baki, mai hannu, mai juya baya. Kafin a koya mana ma'ana, siffa aka koya mana. In aka bi gaskiya, darasin zane na farko da yawancinmu muka samu ke nan, shekaru kafin mushe ya ce mu zana mangwaro a aji biyu.

Abin da ya fi burge ni cikin sunayen shi ne yadda ake kiran ɗigo. Ha ƙarami in an ɗiga mata ɗigo a sama sai ta zama ha mai ruwa. Sin in ta samu ɗigo uku sai ta zama shin mai ruwa. Ɗigo dai ruwa ne. Kuma ƙarshen rubutun allo duka ruwa ne. Tawadar da ake haɗawa da gawayi da ƙaro an yi ta ne don ta wanku. Ka biya, malam ya gamsu, ka je ka wanke, ka kai ruwan inda ƙafa ba ta zuwa. In kuwa rubutun sha ne, sai a wanke cikin ƙwarya a ba mai naƙuda, ko mai zazzaɓi, ko ɗalibin da ke fuskantar birbe ko bak. Kar mu yi wa juna ƙarya a nan: ranar jajibirin jarrabawa, har cikin masu cewa su ba su yarda da wannan ba, akwai waɗanda inna ta miƙa masu kofi suka shanye ba gardama.

Yanzu bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa, wadda duk da nisanta ta daɗe cikin ɗakunanmu. Mu da muka tashi da finafinan Indiya, tun na faifai har zuwa fassarar Algaita da ake tura wa juna a waya, duk mun taɓa ganin wata alama mai kama da lamba 3, da wutsiya a gefe, da ɗan jinjirin wata da ɗigo a samanta. Tana fitowa a farkon fim, ko bisa ƙofar gida, ko a gaban mota. Sunanta Om. Ga mabiya addinin Hindu, sauti ne mai tsarki wanda suke buɗe addu'o'insu da shi. Ɗaya daga tsofaffin littattafansu, Mandukya Upanishad, ya raba sautin gida uku, a da u da m, ya danganta su da farke da mafarki da barci mai nauyi, sannan ya ƙara na huɗu wanda ba shi da sauti, shirun da ke biyo baya. Ɗigo kuwa a harshen Sanskrit sunansa bindu, kuma kalmar tana nufin ɗigon alƙalami, tana nufin ɗigon ruwa. Daga gare ta ne sunan jan ɗigon da matansu ke sawa a goshi ya fito.

Addininsu daban, namu daban, kuma ban zo gwama su ba. Abin da ya ja ni can shi ne masu zanensu sun riga mu shiga wannan matsala da muke bakin ƙofarta: yaya ake ɗaukar alamar da mutane ke yi wa ladabi a ɗora ta bisa ƙyallen da za a rataye, a kalla, a saya?

Wanda ya fi shahara a wannan fage shi ne Sayed Haider Raza, wanda aka haifa a 1922 a tsakiyar Indiya, cikin gidan Musulmi, ubansa ma'aikacin gandun daji. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa yana yaro hankalinsa ba ya zama wuri ɗaya a makaranta, sai wani malaminsa ya ɗiga ɗigo jikin bango ya ce ya zauna ya zuba mashi ido, kada ya kalli komai sai shi. Raza ya tafi Paris a 1950, ya yi shekaru yana zanen ƙauyuka da filayen Faransa irin yadda Turawa ke yi, har ya ci wata babbar kyauta ta masu sharhin zane a 1956. Sai wajen 1980 ɗigon nan na bangon makaranta ya dawo mashi. Daga nan har rasuwarsa a 2016, babban baƙin da'ira ya zama cibiyar aikinsa, kewaye da kusurwoyi da launuka masu zafi, wani lokaci da layin rubutun Devanagari a ƙasa. Sama da shekara talatin yana komawa kan siffa guda, kamar mai jan tasbaha. A 2010 an sayar da ɗaya daga zanensa, mai suna Saurashtra, a Landan kan fam miliyan 2 da ɗoriya, fiye da miliyar guda na kuɗin sefa. A 2023 babban gidan zane na Pompidou da ke Paris ya shirya nunin ayyukansa.

Ku lura da tafiyar da ɗigon ya yi. Ya fara a matsayin maganin yaro mai rawar kai, ya ƙare a falon attajirai. Ku kuma lura da abin da Raza ya zaɓa. Da wuya ka ga ya cika ƙyalle da addu'o'in mutane. Ya ɗauki mafi ƙanƙantar abu, ɗigo, wanda ke da nauyi ga mai imani da shi, wanda kuma ba ya wulaƙanta in ya faɗa hannun wanda bai san shi ba.

Na kusa da mu shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan, ƙasar da Hausawa masu tafiya hajji a ƙasa suka zauna har suka kafa garuruwa irin su Mai Wurno. An haife shi a Omdurman a 1930, ubansa malami ne mai makarantar allo, kuma allonsu da namu ɗan'uwa ne. Ya yi karatun zane a Landan cikin shekarun 1950, ya koma gida ya baje kolin abin da ya koyo, mutanen gari suka ƙi kula shi. Sai ya tambayi kansa me idon mutanensa ya saba gani, ya tarar amsar ita ce rubutu da adon tabarma da fata da ƙwarya. Ya fara sa kalmomin Larabci cikin zanensa, mutane suka fara matsowa. Daga baya ya riƙa farfasa haruffan, yana jan su, yana buɗe cikinsu, har ba su karantuwa, sai fuskoki da tsuntsaye da itatuwa suka riƙa fitowa daga tsakaninsu. A 1964 ya yi wani zane don tunawa da rasuwar mahaifinsa, wanda sunansa ke nufin sautin ƙarshe, wato addu'ar da ake yi wa mai barin duniya. An san shi da yin salla kafin ya fara aiki. A 2013 gidan zane na Tate Modern a Landan ya yi mashi babban nuni na tarihin aikinsa, irin wanda bai taɓa yi wa wani ɗan Afirka ba kafin shi.

A ƙasarmu ma akwai misali. Hawad, marubucin waƙa kuma mai zane daga Abzin, wanda aka haifa a 1950, yana ɗaukar haruffan tifinar na Buzaye ya watsa su da tawada da sauri da ƙarfi har su fita daga karatu su koma motsi. Raza da El-Salahi da Hawad ba su yi shawara da juna ba, amma hanyarsu ta yi kama: sun bar nassi a inda yake, suka shiga cikin ƙashin harafin.

Abin ya iso ƙungiyarmu ne lokacin da muke shirin wani ɗan littafi irin wannan da ke hannunku. Akwai wani abokinmu mai hannu ƙwarai, wanda ke samun na sabulu da rubuta allunan shaguna, na mai aski, na mai cajin waya, na mai gyaran babur. Muka ba shi aikin bango. Ya kawo abin da ya sa fada ta yi tsit, har shayi ya kusa ƙonewa. Ya rubuta Bisimilla cikakkiya, amma ya ja cikin ba ta yi tsawo kamar kwarin Gulbin Kaba, alu da lam suka miƙe kamar goriba a bakinsa, ɗigon ƙarƙashin ba kuwa ya zama ja, babba, kamar rana a cikin ruwan damina. Wallahi ya yi kyau. Duk wanda ya san kwarin nan zai gane shi nan take.

Wata ƴar uwa ce ta fara magana. Ta ce, "Kun san dai inda littattafanmu ka ƙarewa. Kwafi nawa munka buga bara? Ni da idona na ga shafin waƙata an naɗe awara da shi bakin tasha." Aka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Wani ɗan'uwa ya ce shi matsalarsa ta wuce nan, aya an saukar da ita don a karanta a yi aiki da ita, mayar da ita itace da rana wasa ne. Wani kuma ya ce to agogon bangon da ke gidajenmu duka, mai Ayatul Kursiyyu da ƴan fitilu masu ƙyaftawa, wanda aka ƙera a Sin, shi wa ya hana? Da hotunan barka da Juma'a da muke turawa a WhatsApp, mu goge su ranar Asabar? Aka watse ba a daidaita ba.

Abokin namu ya ɗauki zanen ya kai wa kawunsa, wani dattijo mai rubutun allo wanda ya yi gardancinsa a gabas. Ni na raka shi. Dattijon ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, ya bi layin ba da ɗan yatsa ba tare da ya taɓa takardar ba. Sai ya ce, "Ɗana, hannunka na da albarka, Allah shi ƙara. Amma in tambaye ka: wa za ya wanke shi?"

Abokina ya ce, "Allah gafarta malam, ai ba a wankewa. Bugawa za a yi, kwafi da yawa."

Ya ce, "To shi ne nike tambaya."

Bai ce haramun ba, bai ce halal ba. Ya miƙa mashi takardarsa da hannu biyu, ya koma kan fiƙe alƙalaminsa.

Na yi kwanaki ina juya wannan tambaya, kuma ga abin da na fahimta. Duk wani rubutu mai tsarki a al'adarmu, tun kafin a fara shi an san ƙarshensa. Na allo za a wanke. Laya za a naɗe, a ɗaure da zare, a kai wa baduku ya rufe ta da fata, mai ita ma ba zai sake ganin cikinta ba har abada. Ƙur'anin hannu yana kwance cikin gafaka. Takardun da suka tsufa a ƙone su ko a binne su a wuri mai tsabta. Mai rubutu ya san hannun da zai karɓa, ya san inda abin zai kwana. Ƙarfin rubutun a wurin mutanenmu yana tare da ɓoyuwarsa ko narkewarsa. Zanen zamani kuwa an yi shi ne don ya tsaya, a gan shi, ya bi kuɗi zuwa inda mai shi bai sani ba. Fentin mai ba ya wankuwa. Injin fotokopi, a dala biyar shafi, yana haifar ɗari daga guda, kuma ba ya tambayar kowa ko yana da alwala. Saɓanin da ke tsakanin allo da ƙyalle ke nan, kuma ya fi gardamar halal da haram da muka yi a fada zurfi.

Sai dai kakanninmu ba su bar mu hannu wofi ba. Suna da rubutun da aka yi don a gani, shi ne zayyana. Wanda ya sauke izu sittin, ana yi mashi allo na musamman, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara, a kewaye su da ado na ja da kore da ruwan ɗorawa, a naɗe kan allon da jar fata. Ranar walima ya karanta a gaban jama'a, sannan ya zaga da shi gidajen dangi ana sa mashi albarka ana ba shi abin hannu. In kun taɓa riƙe irin wannan allo, ku tuna yadda aka raba filinsa. Ayoyin suna zaune a tsakiya cikin ɗan ɗakinsu, a rubuce sarai yadda kowa zai karanta, ba a lanƙwasa su sun zama wani abu ba. Duk wasan hannun mai zayyana, da gwanintarsa, da yaɗa launinsa, a gefe yake: murabba'i cikin murabba'i, igiyoyi masu saƙa, da'ira mai ƙahoni. Kuma nunin yana da rana, yana da mai ɗauka, yana da gidajen da za a shiga. In an gama, allon ya hau can saman bango a ɗakin uwa.

Haka abin yake a Ƙur'anan da alarammomi ke rubutawa da ka. Baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da ruwan ɗorawa, fa da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo guda a sama, yadda ruwayar Warshu da rubutun yammacin Afirka suka gada. A gefen shafi kuma, wurin alamar izu ko rubu'i ko sumuni ko sujada, sai ka ga wata ƴar da'ira mai ado wadda mai rubutun ya ƙirƙira da kansa, da wuya ka samu biyu iri ɗaya. Abin da Turawa ke kira zanen da ba ya kwaikwayon halitta, wanda suke ba tarihin shekara ɗari da ƴan kai, yana nan cikin gafakar kakanninmu. Mu ne ba mu ba shi suna ba, shi ya sa ba mu gan shi ba.

Akwai wani abu da nake son in ja kunnenmu a kai, shi ne hatimi. Waɗannan gidaje masu lambobi da haruffa suna da kyau a ido, kuma yanzu hotunansu sun cika intanet, har wasu na kwafe su bisa riga ko cikin zane don su ba aikinsu kamannin asiri. Ilimi ne mai tsohon tarihi a ƙasar nan. Muhammadu al-Katsinawi, Bafulatanin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan yadda ake gina irin waɗannan gidaje, inda kowane layi, tsaye ko kwance ko karkace, ke ba da jimla guda. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida 9, wanda ko ta ina ka tara za ka samu 15. Masana lissafi har yau suna ambaton wannan aiki. Kun san kuma cikinmu ba a taru kan hatimi da laya ba. Tun da Izala ta kafu a Jos a 1978 ta kuma yaɗu zuwa Maraɗi da kewaye, gidaje da yawa sun rabu a kan wannan, wa yana rataye laya, ƙane yana tsinkewa. Ba ni zan raba wannan gardama ba. Amma ga mai zane, duk ɓangaren da ya tsaya, amsa guda ce. In ka yarda hatimi yana aiki, to ba ka wasa da abin da ba a ba ka izininsa ba. In kuwa kana ganin bai halatta ba, to me ya kai shi bangonka? Wanda kawai zai iya kwafe shi hankali kwance shi ne wanda ya ɗauke shi ado tsagwaronsa, kamar baƙon da ya sayi tsohon allo ya kai gidan tarihi a Turai ya rufe cikin gilashi. Mu ba baƙi ba ne a nan.

To ina filin da ya rage wa mai zane? Yana da faɗi. Akwai harafi shi kaɗai, kafin ya zama aya. Akwai ajami, wanda da shi kakanninmu suka rubuta wasiƙu da waƙoƙi da lissafin bashi, wanda kuma har yau yake bisa takardun naira 200 da 500 da 1000 da ke yawo a kasuwannin kan iyaka, daga hannun mahauci zuwa na mai kifi, ba wanda ya ce an yi saɓo. Za ka iya rubuta sunan garinku, ko sunan kakarka, ko kalmar gero da ajami, ka ja ta, ka murɗa ta yadda kake so. Akwai duk adon zayyana da na gefen shafi, da na bangayen unguwar Birni a Damagaram. Akwai kuma ɗigo. Malaman Sufaye sun daɗe suna tunani kan ɗigon da ke ƙarƙashin ba ta Bisimilla, har Abdulkarim al-Jili ya yi littafi kan Bisimilla inda ya tsaya a kansa sosai, don da shi ne alƙalami ke fara taɓa takarda, kuma kowane harafi ɗigo ne da aka ja. A Bagadaza, Ibn Muƙla, wanda ya rasu a 940, da ɗigo ya auna tsawo da faɗin haruffa. Wanda ya ce wannan fili ya yi mashi kaɗan, bai shiga ba ne.

Aya cikakkiya da sunan Allah kuwa, ra'ayina shi ne a rubuta su inda aka san bangon: masallaci, zauren malam, ɗakin wanda ya roƙa da bakinsa kuma ya san haƙƙin abin. A rubuta su yadda za su karantu. In aiki zai shiga kasuwa ko injin kwafi, a bar su a gida. Wani zai ce wannan takura ce ga fasaha. Ni ina ganin tambayar dattijon nan tana ƙara wa mai zane nauyi irin wanda ke sa aiki ya yi kyau, don tana tilasta mashi ya san abin da ke hannunsa. El-Salahi bai zama El-Salahi ba sai da ya daina kwafe kalmomi ya fara tambayar me ke cikin harafi.

Abokin namu ya sake bangon. Kwarin yana nan, goribar tana nan, jan ɗigon yana nan a ƙasa. Ya cire sauran kalmomin, ya kewaye shafin da igiyar zayyana da ya kwafo daga allon saukar yayarsa. Wanda ya yi makarantar allo in ya kalla zai ga ba. Wanda bai yi ba zai ga gulbi da rana. Na farkon kuwa, mai Bisimilla, ya yi shi da fenti bisa katako ya kai wa kawun nasa, yana rataye a zaure sama da inda almajirai ke jingina allunansu. Ɗan'uwan da ya ce wasa ne har yanzu bai canza ra'ayi ba, kuma yana da haƙƙinsa. Da hutun bana abokin namu ya koma wurin dattijon don ya koyi haɗa tawadar takarda da fiƙe alƙalamin gamba. Ya ce mani kwana bakwai na farko ba a bar shi ya rubuta harafi ko ɗaya ba, ɗigo kawai yake ɗigawa, layi bayan layi, har sai sun zama girma ɗaya.

Ga roƙona gare ku, musamman ƴan uwanmu na Tasawa da Kanambakashe da Isawan da Sarkin Hausa da ke karanta wannan. In kun je gida, ku tambayi inna ko kaka ina allon saukar gidanku yake. Wasu gara ta fara ci, wasu suna bayan buhunan hatsi. Ku nemi izini, ku wanke hannu, ku sauko da shi. Ku bar ayoyin a inda suke, ku kwafi adon gefen cikin kayenku da launukansa, ku tambayi sunan wanda ya yi shi da garin da aka yi shi da shekarar, in ana tune. Ku kawo mana a zama na gaba. Muna son mu jera su mu ga ko hannun Mayahi ya bambanta da na Tasawa, kuma masu zanenmu su samu abin da za su fara da shi wanda ba daga waya suka sauke ba.